Ranar da na kai akuya aji

Ba zan taɓa mantawa da shekarata ta fari a Gure ba, balle ranar da sufeto ya zo duba aikina. Ingilishi nake koyarwa a kwalej, a kan kwantiragi, kuma abin da mutumin nan zai rubuta a kaina shi zai sa a sabunta mini takarda, ko in tattara in koma Damagaram in ci gaba da cin tuwon babana.

Sai na ce bari in burge shi. Na zaɓi kalma ɗaya tak, "milk", wato tatsa. Kwana uku ina tonon littattafai, har na gano cewa tsohuwar kalma ce ƙwarai, tun zamanin da kakannin Turawa ke bin garke, kuma tushenta na can asali shafawa da hannu yake nufi. Daɗi ya kashe ni. Na ce ai wannan darasi ya fi ƙarfin allo, sai da akuya a gaban yara. (Ni ɗan birni ne, a ƙwarya kawai na san nono. Amma a lokacin gani nake wanda ya san tarihin kalma ai ya gama sanin aikinta.)

Na je wajen Iya Falmata, tsohuwar da nake haya a gidanta, na roƙi aron jar akuyarta.

Ta ce, "Mushe, ka tafi da ɗanta." (Mushe, wato Monsieur, haka ake kiran malamin boko a nan.)

Na ce, "Haba Iya, ai cika mana aji zai yi da kuka."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Sufeton dogon dattijo ne mai kwat da tabarau. Ya zauna a bencin baya da littafinsa. Farkon darasi ya tafi sumul. Na kawo tarihi, na kawo misalai, har na hango shi yana gyaɗa kai. Daga nan na jawo akuya, na tsuguna a gaban yaran da rabinsu 'ya'yan makiyayan Alakos da Gidigir ne, na ajiye ƙwarya, na cafki hantsa na shiga ja kamar mai jan guga. Ko ɗigo. Na ƙara ƙarfi, akuya ta kwarma ihu, ta shure ƙwaryar, ta juyo ta fizgi takardar darasina daga aljihu ta hau tauna.

Wallahi da yaran sun yi dariya da ya fi mini sauƙi. Kallona kawai suke yi da tausayi. Ni kuwa gumi har cikin takalmi, a raina ina ta ban kwana da Gure.

Sufeto ya miƙe, ya cire kwat, ya naɗe hannun riga. Ya ce, "Ina ɗanta?"

Ban kai ga buɗe baki ba muka ji "mee" daga taga. Iya Falmata ce tsaye da ɗan akuya a rungume. Ashe tun fitowata take biye da ni a baya.

Dattijon ya bar ɗan ya tsotsa kaɗan, ya janye shi gefe inda uwar ke ganinsa, ya shafa hantsar a hankali, sai ga nono yana zuba tsir-tsir a ƙwarya. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ni a Bune aka haife ni, a bayan awaki na girma. Mushe, kai da bakinka ka ce asalin kalmar shafawa ne. To me ya kai ka ja?"

Sai a lokacin ajin ya fashe da dariya, har da Iya a taga.

An sabunta mini takarda. Ya rubuta cewa na san harshen, saura in riƙa tambayar yara abin da suka zo da shi daga gida. Yau shekara tara ke nan ina Gure, na iya tatsa daidai gwargwado (Iya ta ce har yanzu akuyar haƙuri kawai take yi da ni), kuma "Mushe Tatsa" ya bi ni har masallaci. Ina ƙaunar garin nan, da sunan da komai. Littattafaina suna nan ban yar ba, amma yanzu idan tsohuwa ta ce in tafi da ɗan, ba na tambayar dalili, rungumarsa nake yi.