Warin Tafarnuwa a Sahun Azahar

Na amsa laifina. A azumin farko bayan saukar sojoji daga mulki gwiwata ta matsa mini, sai na ɗauko DMSO, ruwan da muke shafa wa shanu masu kumburi a mayankar Agege. Na ce abin da ya warkar da bijimi ba zai gagari mutum ba. Na lafta har cinya.

Ashe yana ratsa fata, ya fito ta numfashi da warin tafarnuwa.

A sahun azahar abokina Bala ya sunsuna, ya matsa gefe. "Malam, miyar wa ka sha da rana tsaka?"

Sai da na rantse a gaban liman ban karya azumi ba, na kware wando na nuna gwiwar da na shafa wa maganin.

Har yau in an ga wata, Bala kan leƙo rumfata: "Oga, bana gwiwar ma za ta ɗauki azumi?"