Kwanon Malam Sale

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da aka tura ni koyarwa Damari, ni ɗan birnin Kano da bai taɓa riƙe fartanya ba. Gwauro ne ni a lokacin, abin da na iya dafawa a duniya ruwan shayi ne. Abin da ya cece ni shi ne ciyayya. Da an sallame magariba, kowane magidanci a layinmu zai fito da kwanon gidansa ƙofar Alhaji Mamman, dattijon unguwa, a zauna a tabarma a ci tare. Ranar farko wucewa kawai nake yi aka ce, "Malam, bisimilla." Daga ranar na zama ɗan gida (hannu kawai nake kawowa, Allah ya yafe mini).

Shekarar ba ta da daɗi. 'Yan bindiga sun hana noman gonakin nesa, rumbuna sun yi ƙasa. Maƙwabcina na jikin katanga, Malam Sale, shi abin ya fi dakawa: an kore masa shanu, gonarsa tana bakin daji. Amma mutum ne mai tsananin kunya, ko za a yanka shi ba zai karɓi sadaka ba. Kullum sai ya fito da kwanonsa kamar kowa.

Abin da ban sani ba shi ne, ɗan abin da ke cikin kwanon nan shi ne abincin gidansa gaba ɗaya. Dattawan sun sani. Kowa zai ɗan tsakuri loma guda don kada a ce an ƙi cin nasa, sannan wajen miƙa kwanon gaba sai a saka malmalar tuwo a rufe, ana ta hirar taki. Malam Sale ya koma gida da "ragowa", iyalinsa su ci, ba wanda ya ba wani komai. Ni kuwa da idona da karatuna, abin da na gani shi ne ana wulaƙanta abincin talaka. Har haushi nake ji a raina.

Ran nan aka buɗe kwanon Malam Sale, sai ga kwaɗon tafasa da ɗan ƙuliƙuli. Na ce yau zan nuna wa mutanen ƙauye yadda ake karrama maƙwabci. Na jawo kwanon gabana na duƙufa. Alhaji Mamman ya turo mini nasa, ya ce, "Malam, ga tuwo nan da zahi, taɓa wannan mana."

"A'a Alhaji, yau na Malam Sale zan ci. Ku ba ku san daɗi ba!"

Wani ya yi gyaran murya, wani ya taka mini ƙafa (na ɗauka kuskure ne, har na ce masa ba komai). Na cinye tas, na suɗe da yatsa, sannan na ɗaga kwanon sama kowa ya gani, na ce a gaishe da mai girki.

Kwanon da kowa ya ga cikinsa fayau ba a saka masa tuwo a kira shi ragowa. Malam Sale ya yi murmushi, ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Madalla, za ta ji." Ya rufe ya shiga gida.

Alhaji Mamman ya bari aka watse, sannan ya dube ni. "Malam, mi ka yi haka? Ɗiyanshi ba su ci komi ba tun sahe. Shi suke jira."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na koma ɗaki cikina dam, ina jin matar Malam Sale ta bayan katanga tana cewa yara su sha ruwa su kwanta. Ban taɓa ƙin kaina irin na ranar ba.

Da safe na ƙara ɓata lamarin: na auno shinkafa na kai masa. Ya gode, ya dawo mini da ita da kansa, don yanzu ya gane an sani. Bai sake fitowa ciyayya ba. Kafin kaka ya kwashe iyalinsa suka tafi Funtuwa neman aikin ƙarfi.

Tun daga nan, duk garin da na sauka baƙo, in na ga mutane suna wani abu da ya yi mini kama da rashin hankali, sai in fara zargin nawa hankalin tukuna.