Rasuwar Uwar Tafki, Kwamfutar Jikata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da har yanzu ba su koma daidai ba, ni da iyalina muke sanar da dangi da maƙwabta rasuwar tsohuwar kwamfutar jikata, wadda muke kira Uwar Tafki. Ta cika a daren Talata a kan teburin ɗakina, bayan wani kuka da ban taɓa jin ta yi irinsa ba: ƙurrr, ƙurrr, ƙit.

Marigayiyar ta shigo gidan nan a jakar jikata, mai karatun halittun ruwa a jami'a. Ni karatuna bai wuce haɗa baƙi ba, amma Allah Ya yi ni da son abin al'ajabi, kuma ban taɓa ganin kamar wannan ba. Yarinyar nan ta kwashi tafkin da ke bayan gidajenmu ta zuba a cikinta: gansakuka, dodon koɗi, kwaɗi da 'ya'yansu, karfasa, tarwaɗa, har zalɓen nan mai tsayuwa da ƙafa ɗaya. Kowanne ɗigo ne a fuskarta, an ja zare daga mai ci zuwa wanda ake ci. Aikinta shi ne a cire halitta ɗaya, ita kuwa ta auna wa zai ƙaru, wa zai rame, wa zai bi bayan wanda aka cire, da daɗewar da ruwan zai yi kafin ya natsu.

Mun shaide ta da haƙuri. Ko sau nawa aka kashe mata tafki, da an danna maɓalli sai ta dawo da shi cif. Ba ta kuma iya ƙarya don a ji daɗi ba. Ran da na cire tarwaɗa, don ramuwar sukar da wata ta yi mini ina yaro, na zaci sauran za su huta. Sai ƙananan kifaye suka yi yawa, suka cinye masu cin gansakuka, gansakuka ta rufe ruwa, aka taru aka mutu. Jikata ta leƙo ta ce, "Kaka, da kai aka ba riƙon duniya, da tuni an tashi."

Ciwonta ya fara da zafin jiki. Fankar cikinta ta koma kuka irin na kwaɗo, ƙurrr, ƙurrr, kuma da yake lissafin yana da tsawo, a ɗakina ake barin ta ta kwana tana aiki. Nakan kwanta ina saurare, ina ce wa kaina kwaɗin cikinta ne ke hira da 'yan uwansu na bayan gida.

Ana cire halittun ɗaya bayan ɗaya, ranar Talata layi ya zo kan kwaɗi. Jikata ta cire su ta tafi ta kwanta, ni na zauna kallo. Zare ya fara tsinkewa. Tsutsar sauro ta yi yawa, zalɓe ya dushe. Ɗigon karfasa ya soma ƙyaftawa, bai mutu ba bai tsaya ba. A nan marigayiyar ta yi kukan ƙarshe, fuskarta ta yi baƙi.

Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarfin na ɗaki ɗaya. Na buɗe taga. Muna tsakiyar damina, tafki ya cika har gindin katanga, amma babu kwaɗo ko ɗaya da ke motsa baki. Na tashi matata na ce, "Yaushe rabonki da jin kwaɗi?" Ta ce, "Ba ga su nan kullum suna hana ni barci daga wajen ɗakinka ba?"

Ashe marigayiya ce kaɗai ke yi mana kukansu. Tun yaushe, babu wanda ya sani.

Mai gyara ya buɗe cikinta, ya shinshina, ya ce, "Baba, sai haƙuri." Tafkin da ke ciki ya tafi tare da ita.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin salatif, linzamin dannawa mai kunne ɗaya, da jakarta. Batirinta ya daɗe da riga ta gidan gaskiya. Ta kuma bar jikata, wadda tun ranar take zagaye bakin ruwa da kwalba a hannu, ba ta tsokanar kowa.

Za a naɗe gawar a tsohon tawul a miƙa wa mai sayen ƙarafa ranar Asabar da safe. Ana karɓar gaisuwa da almuru a ƙarƙashin bishiyar da ke kallon tafki. Muna roƙon masu zuwa su rage murya, ko Allah Zai sa wani ya ji abin da mu ba mu ji ba.

Maƙwabcina masunci, wanda da karfasar ruwan nan yake ciyar da gidansa, ya riga kowa zuwa jiya. Ya daɗe zaune, ragarsa a kan cinya, yana kallon ruwa. Da zai tashi ya dube ni, ya dubi jikata, ya ce, "To, Baba, bayan kwaɗin, wa marigayiyar ta ce zai bi?"