Karen da Ya Fi Kowa Ladabi

Ranar Talata ce, ana yayyafi, sanyi har ƙashi. Wani mutumin ƙauye ne ya sa kwikwiyonsa Karaman a kwando, ya hau bas zuwa birnin Plovdiv a yi masa allurar rigakafi.

Duk ƙauyen babu kare mai ladabi kamar Karaman. Ba ya gudu, ba ya haushi. Taku uku, sai ya kwanta a ƙafar maigidansa yana haki. Mutumin har fariya yake yi: "Tarbiyya ce."

Likitar dabbobi ta saurari ƙirjin karen, ta ɓata fuska.

"Kawu, wannan ba ladabi ba ne. Da wata kafa aka haife shi kusa da zuciya, jini yana zurarewa. In aka bar shi, ba zai ga baɗi ba."

"Feɗe shi za ki yi?"

"A'a. Siririn bututu zan zura ta jijiyar cinya har zuciya, in sa ɗan toshi."

"Ciwo a ƙirji, ki shiga ta cinya? 'Yar nan, a ina kika yi karatu?"

Aka dai aske cinyar kare, aka yi aiki.

Kafin wata guda, Karaman ya zama iska. Ya tsallake shinge, ya kashe kaji uku na Doncho maƙwabci, ya yi tsere da bas ya wuce ta. Mutumin ya bi shi. Taku uku, shi mutumin ya zauna yana haki.

Doncho ya leƙo da bindigar farauta. "Sannu, mai tarbiyya! Karenka ya ƙara taɓa mini kaza, ka haƙa masa rami."

Mutumin ya koma Plovdiv.

"Ki cire abinki."

"In na cire zai mutu."

"In kin bari Doncho zai harbe shi."

"To ka ɗaure shi mana."

"Ai sai na kama shi tukuna!"

"Wannan kuma, Kawu, ba aikina ba ne."

Washegari da safe likitar ta buɗe ɗakin aiki, ta tarar da mutumin kwance a kan teburin karnuka. Bai karya kumallo ba, ya naɗe wando, ya aske cinya tas.

"Kawu! Lafiya?"

"Zura. Biyu za ki sa mini in kamo shi, shi ƙafa huɗu gare shi."