Ranar da Aka Ba Ni Riƙon Lokaci

Shekarar da na sayo agogo mai batir a Konni, ban bar kowa ya huta ba a Malbaza. Har ƙiftawar ido yake ƙirgawa, in ji ni. Shi ya sa ranar ƙwallonmu da 'yan Dogarawa aka ba ni riƙon lokaci.

Muka dawo daga hutun rabin lokaci muna gaba da ci ɗaya. Alƙalin wasa ya yi ta waigowa, ina ce masa, "Ci gaba, agogon da kansa zai yi kuka in lokaci ya cika." Aka farke, aka ƙara mana biyu, har ladan ya kira magariba. Na duba: sifili. Ashe ban danna maɓallin fara ƙirgar ba.

Har yau in hira za ta watse sai wani ya ce, "Mallam, mu tashi, ko bai yi kuka ba tukuna?"