Allah Ya Ba Ka Lafiya, Baba

Har gobe ba zan taɓa mantawa da mutumin da ke tonon bola a bayan kasuwar Samaru ba. Ina aji biyu na sakandare lokacin. Kullum da safe sai in gan shi da buhu, gashi buya-buya, yana tsintar tsofaffin silifas. Ya ɗaga ɗaya sama, ya kanne ido, ya yi murmushi shi kaɗai. Na ce shi ke nan, taɓin hankali ne (ni da ko malami ba na iya gaisarwa sai murya ta yi rawa, ga ni na zama likita).

Tausayi ya kama ni. Na riƙa ajiye masa ƙosai biyu, in ce, "Allah ya ba ka lafiya, Baba," in ruga. Shi kuwa ya ce, "Amin, 'yata."

Rannan aka ce za a kai mu Sabon Gari bikin buɗe wani aikin fasaha, kuma mai aikin zai zaɓi ɗaliban da zai koya wa. Ni da nake zane a ɓoye, murna kamar in tashi sama!

Da muka isa, aka yaye ƙyallen da ya rufe aikin, sai ga shamuwa ta fi bas tsayi, fikafikanta silifas zalla, ƙirjinta marafan kwalba. Muka ɗauki ihu da tafi. Sai mai aikin, Malam Yohanna, ya fito cikin shadda, gashin nan dai buya-buya. Na laɓe bayan ƙawata Rifkatu, wadda na sha ba labarin "mahaukacin bola".

"Ke mai ƙosai, fito!" in ji shi ta lasifika. "Jama'a, ga mai roƙa mini lafiya. 'Yata, kin ga na warke?"

Na buɗe baki in ba da haƙuri. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya ƙara sauƙi."

Har shugabar makarantarmu sai da ta riƙe ciki don dariya. Rifkatu kuwa durƙushewa ta yi.

"Me kika gani kika ce na zautu?" in ji Malam Yohanna.

"Silifan ƙafar hagu kaɗai kake ɗauka," na ce, kaina a ƙasa.

"Fiffiken hagu nake yi lokacin! Mai wannan idon nake nema. Ki zo ranar Asabar."

Tun daga ranar, duk wanda na gani a bola, "sannu da aiki" kawai nake ce masa. Ƙosaina kuwa ni nake cinye abina.