Ranar da Audugata Ta Yi Ruku'u

Na taɓa dasa auduga kamar maiwa, kuma abin ya raba ni da gona. Ba zan taɓa mantawa da ranar ba. Ko na so, mutane ba su bari ba.

Shekarata ta farko ke nan a Jazira, kusa da Hasahisa. Da ƙafa na zo daga yamma da niyyar hajji, guzuri ya ƙare. Wani dattijo, Alhaji Buba, yana da hawasha, gonar audugar da hukuma ke ba manomi. Ƙarfinsa ya ƙare, ya ba ni in noma mu raba.

"Ka san noma, yaro?"

Na ce, "Baba, da fartanya aka yaye ni." (Bakin nan nawa shi ne farkon masifa.)

Na shuka. Ruwan farko da na saki ya kwanta a kusurwar gabas, iri ya ruɓe. Ko'ina ya yi kore, nan kuwa baƙar laka tas, kamar sanƙo. Maganin mai sauƙi ne: ka je wurin samad, wakilin manoma, ka karɓi iri ka sake shukawa da wuri. Kunya ta hana ni. Wanda aka yaye da fartanya ne zai je roƙon iri?

Sai ga labari wai mufattish, jami'in hukuma mai duba gonaki, zai zagayo gobe, kuma gonar da ya ga an yi sakaci da ita yana iya ƙwace ta. Alhaji ya tare ni a ƙofar masallaci.

"Hawashar nan ita ce tuwon gidana. Lafiya take?"

Na ce lafiya lau.

Lokacin rage tsiro ne, ana cire wanda ya yi yawa a rami ana zubarwa. A garinmu ba ma zubarwa. Maiwa in ta yi cunkoso, cirewa muke mu dasa a gurbi. Da asuba na kwashi tsiron nan na dasa sanƙon kaf. Da hantsi gona ta cika, sai ka ce ba abin da ya faru. (Har na yi wa kaina kirari.)

Mufattish bai zo da safe ba.

Rana ta take. Tsiron farko ya sunkuyar da kai, sai na kusa da shi. Na ɗebo ruwa da ƙwarya na yayyafa. Na karyo karan dawa na tokare su. In na tayar da wannan, wancan ya faɗi. Ido ɗaya kan gona, ɗaya kan hanya, ina roƙon Allah motar mufattish ta zo yanzu ko kada ta zo har abada.

Bayan azahar ta zo. Ga mufattish, ga samad, ga Alhaji da sandarsa, ga maƙwabta.

Mufattish ya tsaya, ya nuna. "Da shinu?" Wato mene ne wannan.

Samad ya sa yatsu biyu ya zaro ɗaya, saiwar a lanƙwashe kamar ƙugiya.

"Ya zol, bawan Allah, auduga ba ta yafe wa wanda ya taɓa mata saiwa. Wa ya ce maka ana dasa ta?"

Sai maƙwabcina, wani Bagobiri, ya ce, "Ku ƙyale shi. Mai ita maniyyaci ne, ita ma sallah takai. Ga na ruku'u, ga na sujada, ga masu sanda."

Aka fashe da dariya. Aka fassara wa mufattish, shi ma ya yi. Alhaji kaɗai bai yi ba. Ya cire hula yana ba da haƙuri, tsoho da furfurarsa, a kan laifina. Wannan ya fi dariyar ciwo.

An bar masa hawasha da gargaɗi. Da mota ta tafi ya dube ni.

"Iri na nan jibge a ɗakin samad. Tambaya kawai. Ɗauki fartanyar da aka yaye ka da ita, ka gwada gaba."

Na ɗauka.

Tun ranar, abin da ban sani ba ina tambaya, ko da akuya ce kusa. Yanzu ina bakin kogi wajen Sinja, ina noman albasa. Ita dai ana dasa ta. Sai da na tambaya.